Alhaji Tanko da Gwangwanin Ƙwallon Dabino

Kun san Alhaji Tanko bai taɓa yar da ƙwallon dabino ba. Ya tsotse, ya wanke, ya jefa a gwangwanin madara. Da su muke buga wasan kati na poka a gidansa na unguwar International City, duk Juma'a bayan an ci shinkafa. Wani ɗan Filifin ne ya koya masa a sitonsu na kago, inda ake aika kaya, amma kuɗi kam ko sisi Tanko ba ya bari a zuba, cewa yake: "Caca a ɗakina? Khalas, ga ƙofa!" A kan ƙwallayen nan na kusa rasa abokin shekara ashirin.

Na ga wasan a Abijan, na gan shi a Istambul, ko'ina tsarin ɗaya ne: a raba kati, kowa ya zuba, wani ya ƙara, wanda ya tsorata ya ajiye. Gwani shi ne mai burga, katinsa banza amma ya ɗaure fuska. Tanko kaɗai na gani yana cin mutane da tsagwaron gaskiya.

"Jama'a, sarki uku gare ni, ku ajiye."

"Kai Alhaji, wa za ka ruɗa!" Sai mu tura rabin ƙwallayenmu. Ya buɗe, sarki uku cif! "Ai na faɗa muku, habibi."

Wani zagayen ya ce, "Yau ba komai a hannuna," ya ƙara goma. Mu ce tarko ne, mu ajiye. Ya nuna, ba komai ɗin!

Rannan ya cinye ni sau bakwai a jere. Raina ya ɓaci, na ce a gaban mutane leƙen katina yake. Ya rufe gwangwani kawai. Wata huɗu sai gaisuwar masallaci, girman kai ya hana ni zuwa.

Da aka kwantar da shi asibiti na je duba shi.

"Tanko, ka yafe mini."

"Tun ranar na yafe, Dogo."

Na tsaya ina karantar fuskarsa, ko sallamata kawai yake so ya yi. Ya yi dariya har da tari.

"Ka taɓa kama ni da burga? Kuma me zan leƙa? Kai in katinka ya yi kyau, hula kake gyarawa!"

Wallahi sai a lokacin na yarda ya yafe mini. Bayan kwana uku ya cika. Gwangwanin yana wurina, ban iya buɗe shi ba tukuna.

Ya Allah, bawanka bai ruɗe mu ba ko a wasa. Ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini, ka haskaka kabarinsa.