Guduma da Famfon 'Yan Ƙirƙira

Yayana mai walda ne, amma kafin ya fara haɗa ƙarfe sai da ya yi shekaru yana karya ƙashin mutane. Guduma ake ce masa, kuma ba sana'a ce ta jawo masa sunan ba, hannunsa na dama ne.

Unguwarmu ba ta san ruwan famfo ba. Mutum ɗaya ke da motocin dakon ruwa, Mai Tanka, shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Duk wanda ya yi gigin shigo da ruwa daga wata unguwa ya sayar, Yaya ake tura masa. Da idona na ga ranar da ya damƙi wani mai tura ruwa a bakin layinmu, ya yi ta buga kansa da jikin kurar ruwansa har haƙoransa suka zubo cikin kwata. Jarkoki suka kife, ruwa da jini suka gangaro ta ƙofar gidanmu, Inna tana tsaye tana kallo. Da yamma Yaya ya shigo da jarka cike kamar yadda ya saba. Ta ce, "Fitar min da ita. Gara ƙishi ya kashe ni." Ba wasa take yi ba. Ni nake sayo mata da abin da na samu a ɗinki, a wurin azzalumin dai, amma ta ce aƙalla wannan ba da jinin wani aka biya ba. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara shan ruwan da ya ɗauko ba.

Bayan rasuwarta ya watsar da Mai Tanka, ya koyi walda a gefen titi. Ƙofofi, tagogi, gadaje. Ya zama shiru-shiru, ko cikinsa ka taka sai ya ce maka sannu.

Ana nan sai wasu baƙi suka kama hayar tsohuwar masana'antar sabulu da ke bayan layinmu. 'Yan ƙirƙira ake ce musu. Tsarinsu shi ne su taru daga garuruwa daban-daban, su zauna wuri ɗaya wata biyu, su ci tare su kwana tare, kowa yana ƙera abin da ke kansa, in wa'adi ya cika su nufi wani gari. Na leƙa ciki na ga ikon Allah. Katifu a jere ƙarƙashin rufin kwano, kwamfutoci a kan tsofaffin tukwanen dafa sabulu da aka kife, wayoyin wuta ko'ina sai ka ɗaga ƙafa. Wani yana gwada ɗan jirgin da zai riƙa kai magani ƙauye, saura kaɗan ya tsige min ɗankwali.

A cikinsu akwai wani siririn injiniya da muke kira Tabarau, iska mai ƙarfi sai ta yi gaba da shi. Shi ya gano tsohuwar rijiyar burtsatse a bayan masana'antar, ya ce zai sa mata injin da ke aiki da hasken rana. Yana neman mai waldar da zai tsayar masa da hasumiyar ɗora tanki, aka nuna masa Yaya. Ba lebura suka ɗauke shi ba, ɗan sansani suka mai da shi, har da katifarsa. Shugabarsu, wata mata mai sanyin murya, ta gaya masa dokarsu: duk wanda ya ɗaga hannu ya daki wani, ko waye ya fara, ranar zai bar sansanin, aikinsa kuma ya tsaya.

Yaya ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

Ranar da ruwa ya zo ba zan manta ba. 'Yan sansani suka fasa katanga, suka fito da bututu titi, suka jera kawunan famfo. Mata suka yi dafifi, ko sisi ba a karɓa. Yaya ya tara hannu ya sha, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce min, "Da Inna na nan, wannan kam za ta sha daga hannuna." Na juya masa baya don kar ya ga hawayena.

Mai Tanka bai ɓata lokaci ba. Da rana tsaka mutanensa suka tare Yaya yana ɗauke da bututu. Ya ajiye kayan, ya mai da hannuwansa baya ya sarƙe yatsunsa. Da sarƙar babur suka fara, suka tsaga masa gira, suka kai shi ƙasa suka yi ta ƙwallo da shi. Ko tari bai yi ba. Da na iso na same shi jina-jina, raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, hannun naka ka jinginar ne? Waɗannan fa da tafi ɗaya kake watsa su!"

Ya tofar da jini ya ce, "Ƙanwata, in na taɓa ko ɗaya korata za a yi, famfo ya tsaya. Bar su, za su gaji."

Ba su gaji ba. Suka dawo da guduma ta gaske suka farfasa kawunan famfon, suka zane matan da ke layi da bulala, wata mai ciki ta faɗi kan jarkarta. Yaya ya rungume babban bututun, suka yi ta nausarsa da ƙarfen taya har haƙarƙarinsa ya karye. Zuwa na uku Mai Tanka da kansa ya zo, ya sa aka danne masa hannun hagu a kan dakali, ya farfasa masa yatsu da sifana yana cewa, "Tashi mana, Guduma. Ko sun fiɗiye ka ne a ciki?" 'Yan sansani suna leƙe ta taga suna ɗauka a waya. 'Yan sanda kuwa sai an share jinin suke isowa.

Tabarau ne ke wanke masa raunuka yana kuka. Shi ma Yaya yake ce masa, shi kuma ya ce masa ƙanena. Washegari sai ka ga Yaya da hannu a naɗe, Tabarau ya riƙe masa ƙarfe, yana mai da kawunan famfo. Haka ruwa ya ci gaba da zuba har wa'adin sansanin ya cika. Aka yi taron nuna ayyuka, manyan baƙi suka zo, aka tsayar da Yaya da kumburarriyar fuska ana ta tafa masa.

Da safe na fito da jarkata, na murɗa famfo, shiru. Manyan motoci sun cika harabar, ana loda katifu. Farantan hasken rana har an jera su a cikin mota. Na hango Tabarau a durƙushe bakin rijiyar yana kwance injin, Yaya yana tsaye a kansa.

"Ƙanena, me kake yi?"

"Yaya, ai injin da farantan kayan sansani ne. Duk abin da muka zo da shi, da shi muke tafiya, za a gwada su a gari na gaba. Wallahi na ɗauka ka sani."

"Ruwan fa?"

"Hasumiyar da tankin naku ne. Zan turo maka zanen komai a waya, in kun samu mai tallafa muku..."

Bai ƙarasa ba. Naushi ɗaya Yaya ya yi masa, da hannun dama. Na ji ƙarar muƙamuƙinsa kamar an taka busasshen kara. Gilashin tabarau ɗinsa ya fashe ya shige masa ido, ya zube kan siminti yana shure-shure, jini yana bin wuyansa. Yaya ya durƙusa ya ɗora kan yaron a cinyarsa yana kiran "ƙanena, ƙanena".

Wannan karon 'yan sanda ba su makara ba. Shugabar ta zo tana cewa ai ya san dokarsu. Na wanke ta tas, na ce ina dokar take lokacin da ake farfasa masa yatsu kuna ɗaukar hoto? Ta yi ta ba ni haƙuri, ana ci gaba da lodi. Har yau ina jin haushinsu, kuma har yau ina tausayin Tabarau, don ba mugu ba ne, idon kuma bai tashi ba. Kafin la'asar injin ya bar unguwarmu.

Yaya yana gidan yari. Hasumiyarsa tana nan tsaye, tankin ba ko ɗigo, tsuntsaye ne ke hutawa a kai. Mai Tanka ya ninka farashi. Rannan ina biyan kuɗin jarka ya ce min, "In kin je ziyara ki gaishe min da Guduma. Ki ce aikinsa na jiransa, na ga hannun bai mutu ba."

Ban kai saƙon ba. Na kai masa abinci da gorar ruwa. Ya rame, yatsun hagun sun kama a karkace. Ya ci abincin, ya ɗauki gorar, leɓensa duk sun tsattsage, sai ya tsaya.

"Daga ina kika ɗebo?"

Na kawar da kai. Ya rufe gorar a hankali, ya turo min ita.