Taɓon Bahar Maliya a Firijinmu

Har yau in firiji ya yi shiru, sai na miƙe tsaye. A unguwar Madinat Nasr na koyi wannan, a hawa na biyar, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Baba yana digirinsa na uku a wata cibiyar binciken teku. Jirginsu yakan shiga Bahar Maliya, su zura dogon bututu har ƙasan ruwa, su ɗebo taɓo, su duba ƙananan halittun da ke ciki. Ka yi tunanin mutumin da aka haifa inda rijiya ke ƙafewa, ya tashi ya zaɓi teku.

Wani lokacin zafi ya dawo da kwalabe goma sha biyu na taɓon, ranar hanyar ɗakin gwajinsu ba ta biyuwa, ya jera su a firijinmu. Jirgi na jiransa, ya koma. Abu ɗaya ya ce min: “In suka yi ɗumi, aikin shekara biyu ya tafi.”

Kaka, mahaifiyarsa, ba ta yarda ba. “Ruwan da ya ci Fir'auna, kusa da miyata?” Kullum sai ta faɗa, kamar wuridi.

Rana ta huɗu aka ɗauke wuta da hantsi. Na buɗe firiji, na rufe, na leƙa titi, na dawo na sake buɗewa. Azahar ta wuce, kwalabe suka fara gumi, ni ma haka.

“Ke, daina buɗewa, sanyin kike kora,” in ji Kaka. “Yalla, maza sauka wurin mai kifi ki karɓo ƙanƙara.”

Na hauro da ita tana ɗiga a zanena. Kula ɗaya gare mu, cike da naman da Kaka ta yi wata tana tanadi, ta kwashe shi daga firiji da aka ɗauke wuta. Ta juye shi a tire, ta shimfiɗa ƙanƙara a kular, ta jera kwalaben da hannun hagu, tana neman tsari.

“Kaka, naman fa?”

“Nama ana soyawa. Taɓon ubanki da me za a soya?”

Kwana uku muna cin soye, har mai gadi ya samu. Taɓo ya kai ɗakin gwaji da sanyinsa.

Yanzu irin waɗannan kwalabe suna da firijinsu mai ƙararrawa, yana kiran wayar mutum in ya ji ɗumi. Baba ya yaba da shi ƙwarai. Ya ce dai bai taɓa ganin ƙararrawar ta fitar da namanta ba.