Baba Rwang da Kofin Malam Almu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Baba Rwang Dung yake kulle ɗakinsa a unguwar Deptford ta London, ba wanda zai ce masa a dawo lafiya. Yana bi ta kasuwar babban titi lokacin da masu kifi ke watsa ƙanƙara a kan teburansu, ya hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross, daga nan ya taka da ƙafa har gidan abincin da yake aiki. Shekara ashirin da uku yana wannan zirga-zirga. Juma'ar da ta wuce ya miƙa mabuɗi ya ajiye aiki, shi ya sa na ce bari mutanenmu su san ko wane ne shi tun yana da rai yana ji.

Aikinsa giyar inabi. Na san wani zai yamutsa fuska, to ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe. Baba Rwang Kirista ne, mutumin Bukuru, wani Baturen haƙar kuza ne ya taho da shi London a 1953 yana masa aikin gida. Bayan shekara uku Baturen ya mutu, Rwang ya sami aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wannan gidan abinci, inda ake ajiye kwalabe. Da ɗaukar akwatuna ya fara. Amma mahaifiyarsa mai dafa burkutu ce, tun yana ƙarami hancinsa ya san tukunyar da ta nuna da wadda ta lalace, kuma ashe hanci ba ruwansa da ƙasar da aka yi abu. Ba a daɗe ba mai gidan, wani ɗan Italiya, ya lura cewa in Rwang ya shinshina murfin kwalba ya girgiza kai, to ba makawa kwalbar ta ɓaci. Sai ya ba shi baƙar riga, ya hawo da shi sama wajen baƙi.

Kowace safiya sai ya fara sauka ƙasa ya duba kayansa. Jan inabi na Faransa a ɓangare ɗaya, fari na Jamus a wani, ga na Italiya da Sifen da Fotugal, shamfen mai kumfa kuma can ƙurya inda ya fi sanyi. Duk a kwance suke don kada murfin ya bushe. In tsohuwar kwalba ce, sai ya kunna kyandir ya juye ta a hankali cikin tulun gilashi, yana kallon wuyanta don kada laka ta biyo. Shamfen kuwa, da mutane ke so su ji ya yi ƙara kamar bindiga, shi a hannunsa ko tari ba ya yi. Yakan riƙe murfin ya murɗa kwalbar, sai dai ka ji ɗan huci. Margaret, 'yar Ailan da ke karɓar rigunan baƙi a bakin ƙofa, ta ce ta sha jin sa a ƙasa yana magana da kwalaben da wani yare. To da wa zai yi? Matarsa Kaneng ta zo ta yi shekara huɗu, sanyi ya hana ƙirjinta sakat, ta koma gida da 'yarsu Talatu, can ta rasu. Cocin da yake zuwa ran Lahadi 'yan Jamaika ne da Yarabawa, mutanen kirki, amma gaisuwa da Turanci ba ta kai masa zuci.

Sai ga kuɗin man fetur. Daga 1973 mutanenmu suka fara cika London, 'yan kwangila da manyan ma'aikata da masu zuwa ganin likita, babbar riga na jan ƙasa a titin Oxford. Ranar da Baba Rwang ya fara jin Hausa a tebur, saura kaɗan faranti ya kuɓuce masa. Ya matsa da murna ya ce, "Sannunku da zuwa, ya hanya?" Wani dattijo da ke riƙe da kofin jan inabi ya dube shi, ya tura kofin bayan tulun fure, ya sunkuyar da kai. Har suka tashi bai ƙara kai loma baki ba.

Rwang ya gane. Mutumin da ya tsallako teku don ya sha abinsa ba idon gida, ga idon gida tsaye a kansa da tawul a hannu. Daga ranar ya haɗiye Hausarsa. Su kuma suka ɗauka ɗan Jamaika ne, suka saki baki. A gabansa aka raba kwangila, aka zagi manya, aka yi zancen da ba a yi a gaban 'ya'ya. Bai taɓa kai maganar kowa ko'ina ba, ni ɗin nan na yi ta lallaɓa shi ya ba ni suna ɗaya, ya ce ya manta. Wanda kuma ya lura ba ya sha, kunyar Turawa ce kawai ta sa ya bari an aje masa kofi, sai Rwang ya zuba masa ruwan tuffa da soda a irin kofin kowa. A ɗaga kofi tare, mutum ya kurɓa, ya ji abin da aka ba shi, ya ɗago ya dubi wannan baƙin mutum da ko kallonsa ba ya yi.

Kada a ɗauka yana shan wahala kawai. Teburan nan su ne rediyonsa. Nan ya ji an shimfiɗa sabuwar kwalta, nan ya ji damina ta yi kyau a Filato, nan ya ji wani yana kukan ya yi kewar tuwon acca. Sai ya tsaya yana goge kofin da ya riga ya goge, yana sha da kunne. Ba a yi da shi, amma ana yi kusa da shi, kuma wannan ya ishe shi ya kai gobe.

Kai ne, Baba Rwang, ka yi shekara uku kana jin harshen da ka yi tallan gyaɗa da shi a tashar Bukuru, amsa na zuwa maka har leɓe kana mayar da ita. Wallahi ni da ba zan iya ba.

A watan Yuli na 1976, lokacin zafin nan da ya ƙona ciyawar London, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Abdulƙadir ya kama tebur don abincin rana. Ya zo da kawunsa Malam Almu, tsohon tela daga Zariya, wanda aka yi wa aikin ido, ɗayan idon na rufe da auduga. Malam Almu ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Tare da su akwai wani ɗan kwangila da abokansa biyu, masu zuwa gidan kusan kullum, masu sa a buɗe shamfen tun kafin su zauna. Tunda Rwang bai kama sunansa ba, ni ma ba zan kama ba. Ana cikin ci aka kira Abdulƙadir a waya, ya tashi ya fita.

Tsohon ya share gumi ya ce, "Kai, ƙasar nan ashe ita ma tana zafi. A taimake ni da ruwa."

Ɗan kwangilar ya ƙyafta wa abokansa ido. Ya zaro kwalbar shamfen daga bokitin ƙanƙara da hannunsa, ya cika kofi, ya damƙa wa tsohon. "Ga lemo, Baba. Lemon Faransa ne, ya fi ruwa kashe ƙishi."

"Lemo ne?"

"Lemo ne mana. Ji yadda yake tashi."

Rwang yana tsaye taku uku daga teburin. Ba halin ya musanya kofi, yana hannun mai shi. In ya yi Turanci, tsohon ba zai ji ba. In ya yi Hausa, ya san abin da zai biyo baya, ya san kuma ba za a sake yin hira kusa da shi ba. Malam Almu ya ce bismillahi, ya ɗaga kofin.

"Malam, ajiye. Giya ce."

Tsohon ya dire kofin kamar ya taɓa garwashi, yana salati, yana juya lafiyayyen idonsa yana neman mai maganar. "Wane bawan Allah ne wannan?"

"Ni ne, Malam, mai zuba musu. Bari in kawo maka ruwa."

"Kai ɗan ina ne?"

"Bukuru."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan Bukuru. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Margaret ba ta fahimci ko kalma ba, amma ta ce ta ga fuskar ɗan kwangilar ta sauya, ta ga yana lissafin duk abin da ya taɓa faɗa a gaban wannan mutum. Ya miƙe ya nufi ofishin mai gida. Ya ce an sa musu ɗan leƙen asiri, ya ce muddin wannan yana zuba giya a sama, shi da mutanensa sun bar zuwa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama otal-otal ɗin da mutanenmu ke sauka, cewa ɗan Jamaikan nan na gida ne, kuma yana jin komai.

Mai gidan bai kore shi ba, ya san ba zai sami irin hancin nan ba. Amma ya karɓi baƙar rigar, ya mayar da shi ƙasa. Shekara ukun da suka rage masa a can ya yi su, yana zaɓar kwalba yana miƙawa a hau da ita, wani ya buɗe ta da ƙara ana tafi. Wani lokaci yakan ji muryoyin mutanenmu ta cikin katakon rufi, ba kalma, sai dai sautin tashi da sauka. Abdulƙadir ya koma gida da kawunsa bai san abin da ya biyo baya ba, sai bana da ya dawo kwas ya je neman mutumin, Margaret ta nuna masa matakala. Shi ne ya ba ni labarin, yana faɗa yana share ido.

Na je na sami Baba Rwang a ɗakinsa, na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi kewar jin su, ba zan ɓoye maka ba. Har mai zagin ma na yi kewarsa. Amma tsohon nan ya ce bismillahi fa. Ina ji."

Kai ne ka rufa wa masu sha asiri, ka tsare wanda ba ya sha, kuma addininka bai hana ka abin da ke cikin kofin ba, na tsohon ka duba. Rwang na Kaneng, mai hannun da ba ya rawa, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar tsufa, ya haɗa ka da Talatu da jikokinka ido da ido.

Mu kuma da muke nan, ɗalibai da likitoci da ma'aikata, kowa ya dubi aikin hannunsa ya tambayi kansa ko zai iya buɗe baki don wani in ya san shi zai yi asara. Kafin nan akwai abin da ya fi sauƙi. Mutumin nan yana nan da ransa, kullum yana gida, tikitin jirginsa sai bayan Kirsimeti. Ku je ku ƙwanƙwasa, ku gaishe shi da Hausa, ku zauna ku yi ta surutu ko na banza ne. Yanzu ba abin da zai hana shi amsawa.