Yaya Tomie da Ɗakin Tsubaki

Yayata Tomie ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyarmu ke yini a gonar lemo, mahaifinmu kuma yana walda a wurin gyaran jiragen ruwa na tsibirinmu, Innoshima. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi. Ta yi aure a Onomichi, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida ba ɗa ba jika. A shekarar ne aka ƙaddamar da Tsukishiro Maru, jirgin shaƙatawa na masu hali, aka ce ana neman masu gyaran ɗaki. Ta ɗauki jaka ɗaya ta tafi Kobe. Daga nan ba ma ganinta sai ta samu hutu, ta zo mana da tsarabar garuruwan da ba ta taɓa ganin komai nasu ba sai bakin tasha.

A ƙananan ɗakunan ƙasa ta fara, har aka ɗaga ta zuwa bene na sama, inda ɗakunan alfarma suke, kowanne da sunan fure. Tare suka tsufa da jirgin. Bayan shekara ashirin da ɗoriya kafet ya koɗe a tsakiya inda ƙafa ke bi, gishiri ya sa tagogi sun yi dishi-dishi, ƙofofin kabad sun kumbura. Sababbin jirage suka shigo, manya kamar unguwa guda, matasa suka koma can. Tsofaffi ne suka riƙe Tsukishiro, su kuwa tsufan nasa ne ma yake burge su.

A cikinsu akwai Uwargida Nagashio, matar wani mai kamfanin takalma a Kobe. Tun da mijin ya rasu ta mayar da jirgin gida, rabin shekara tana kan ruwa, kuma kullum a ɗaki ɗaya, Tsubaki, can ƙarshen jirgin ta baya. 'Yar lemo take kiran Yaya. Kowace safiya idan Yaya ta ƙwanƙwasa sai ta ce ga mai korar mutane daga gadonsu ta iso, Yaya kuma ta ce ai rana ta riga ta kore ta tun ɗazu.

Yaya ce ta fara lura da idon matar. Ta ga tana zuba shayi a gefen kofi, ta ga tana riƙe jarida ba ta juya shafi. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta tambaye ta, matar ba ta musa ba.

"Idan ɗana ya ji, gidan tsofaffi zai kai ni," in ji ta. "Wannan magana daga ni sai ke, 'yar lemo."

Yaya ta yi mata alkawari. Daga ranar komai na ɗakin ya samu wurin zamansa, mataji da kofi da kwalbar magani, ba abin da ke gusawa. Sauran kuma matar ta san shi da hannu. Ta san ƙarfen da ke bin bango zuwa banɗaki, da makunnin fitila mai ƙara idan an danna, da durowar da sai an ɗaga ta take buɗewa. Idan za ta ɗakin cin abinci sai ta riƙe hannun Yaya, kowa ya ɗauka ƙafa ce ke damunta. Shekaru suka yi a haka.

Amma ɗakin yana da wahalarsa. Bututun bayan baho yana yoyo, an yi faci har an gaji. Kullum sai Yaya ta durƙusa ta zura hannu ta tsane ruwan, ga shi gwiwoyinta sun fara kumburi.

Da kamfanin ya yanke shawarar yi wa jirgin kwaskwarima, sai ya turo wata matashiya mai tsara ɗakuna ta ji ta bakin ma'aikata. Yarinya ce mai ladabi, aikinta kawai ta zo yi. A safiyar da ta zauna da Yaya, gwiwar ta tashi sosai. Yaya ta zayyana mata yoyon, da fumfunar da ke bayan kabad, da daɓen da ya yi laushi. Yarinyar ta tambaya ko gyara zai wadatar. Yaya ta ce faci ne a kan faci, ɗakin Tsubaki ya gama aiki. Daga baya ta gaya mini cewa ko a lokacin da maganar ke fita daga bakinta, ba matar take tunani ba, gwiwarta take tunani.

Da sanyi ya shigo aka kawo jirgin tsibirinmu, aka ɗora shi a kan busasshiyar tasha ta gyaran jirage, Yaya kuma ta zo hutu gidanmu. Mijina Shozo shi ke tuƙa injin ɗaga kaya a wurin. Wata rana muna cin abincin rana ya ce, ba da wata manufa ba, ana ta fasa ɗakunan baya na sama, za a haɗe biyu su zama ɗaya. Har ya tsokane ta cewa ta huta, an rage mata shara. Yaya ta ajiye kwanonta ta fita. Na same ta a saman gonar, inda ake hango tashar, tana kallon yadda ake sauko da kabad da baho ana jibgewa a kan tarkace.

Da sabuwar shekara Uwargida Nagashio ta bugo waya don gaisuwa, ta tambaya ko an gyara mata famfonta. Ina tsaye a wurin. Yaya ta ce ana kan aiki, ba ta ƙara komai ba.

Furannin bazara sun fara fitowa lokacin da jirgin ya koma Kobe, fes da shi. Matar ta zo tare da ɗanta, wani dattijo mai ƙarancin magana. Shugaban ɗakuna ya ba ta haƙuri, ya ce kamfani ya ba ta zaɓi ta ɗauki wanda ranta ke so. Ya fara kai su sabon Tsubaki, wanda ya ninka na da, bangonsa na baya gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Ya kai su wani mai shimfiɗar tabarma irin ta gida, da ɗan tudu a bakin ƙofa. Sannan wani ƙarami a tsakiyar jirgi, inda ba a cika jin tangaɗin ruwa ba. Tana riƙe da hannun Yaya, tana yaba kowane ɗaki, har tana cewa kallon teku daga nan ya fi kyau. Da mazan suka yi gaba sai ta matse hannun.

"Wanne ya fi kama da nawa?"

"Babu ko ɗaya, uwar ɗakina."

"To zaɓa mini wanda ba zai tona mini asiri ba."

Yaya ta zaɓi ƙaramin. Ta jera kayan yadda ta saba, ta kama hannun matar ta bi da ita bango-bango. Sai dai sababbin ɗakunan ba su da abin da hannu zai riƙe. Makunnin fitila wani sulɓaɓɓen faranti ne da ake shafawa, ƙofar banɗaki gilashi ce mai zamewa, durowa kuwa ko mariƙi babu. Matar ta yi ta ƙoƙari, tana mayar da abin wasa, tana cewa an kawo ta makaranta da tsufanta.

Jirgin bai kai tashar Kagoshima ba abin ya faru. Da hantsi Yaya ta je ɗauko tawul, ta dawo ta tarar da ita zaune a ƙasa, goshi ya fashe a gefen ƙofar gilashin. Likitan jirgi ya yi ɗinki, ya haska mata ido, ya dubi Yaya, ya fita ya kira ɗan a waya.

A Kagoshima aka sauke ta. Yaya ce ta ɗauki jakarta har bakin mota. Ta shirya yadda za ta gaya mata gaskiya tun daga sama, amma da suka tsaya sai ta ajiye jakar kawai. Matar ta lalubo kafaɗarta ta dafa.

"Gwiwar taki fa? Yanzu dai ta huta ko?"

Yaya ta ce da sauƙi. Har yau ba ta san ko tambaya ce kawai ba, ko kuwa matar ta san wanda ya yi maganar da ta sa aka fasa ɗakin.

Shekara ɗaya ta ƙara a jirgin ta ajiye aiki. Ta ce sababbin ɗakunan ba sa ba da wahala ko kaɗan, kuma hakan ne ya hana ta sakewa. Ta dawo gida muna aikin gona tare, duk wata kuma sai ta hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, gidan tsofaffin da aka kai matar. Takan ɓare mata lemo, ta ba ta labarin ma'aikatan da suka sani, ta jera mata kaya. Kafin ta koma masu shara sun sake musu wuri.

A can ne wata rana ta haɗu da ɗan. Ya raka ta har bakin ƙofa, ya tambaye ta tun yaushe ta san da ciwon idon. Ta gaya masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce likitoci sun ce hawan jinin ido ne, da an kawo ta da wuri da maganin ɗigawa ya tsare mata abin da ya rage, yanzu kuwa ba abin da za a iya. Ya ce kuma shi bai taɓa niyyar raba ta da jirgin ba, da mai kula zai ɗaukar mata su riƙa tafiya tare. Ya sunkuya ya gode mata da hidimar da ta yi wa mahaifiyarsa, ya koma ciki.

Ranar da ta dawo ba ta ci abinci ba. Duk tsawon lokacin nan maganar da ta yi wa mai tsara ɗakuna ce ke cinta, sai ga shi shirun da ta yi a kan idon ya fi ɓarna. Na ce mata alkawari ta riƙe, kuma matar ba yarinya ba ce, ita ta zaɓa. Shozo ya ce ɗakin nan ko ba ta ce komai ba sai an fasa shi, shi ya ga ruɓar da idonsa. Ta saurare mu, ta ce ta ji, amma ita ce ke shiga ɗakin kullum, ba mu ba.

Ba ta fasa zuwa Kobe ba har matar ta rasu a kakar bara. Ta je jana'iza, ta zauna a layin baya. Tsofaffin abokan aikinta sukan haɗu duk shekara a cikin jirgin idan ya tsaya a tasha, suna gayyatarta, takan ce aikin gona ya yi yawa. Yanzu ta haura sittin, ba ta iya hawa tsani, ita ke zama a rumfa tana ware lemon da muka tsinko. Kwanan baya muna cikin aiki ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, da ni ce a wurinta da na gaya wa ɗan ko kuwa. Na ce ban sani ba, Yaya. Ta ce ita ma haka, ta jawo wani kwandon.