Wadda Ta Kira Shi Maigero

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koya bayan na yaye autana, don haka ku yi haƙuri da ni. Amma Allah shi ne shaidana, abin nan da ni ya faru a nan Jalingo, shekarun baya, lokacin ina suyar ƙosai da doya a bakin wani layi da gidajen burkutu da na kwalba suka yi yawa.

A lokacin layin nan ba daɗi. Kusan kowace Asabar sai an fasa wa wani kwalba a ka, har wata safiya aka tsinci gawar wani magidanci a kwata, ba wanda ya taɓa shi, amansa ne ya shaƙe shi don ya kwanta rigingine. Shi ne mai unguwa ya tara mu, masu gidajen giya da 'yan banga da masu keke napep da matan zumunta na cocinmu da maƙwabtanmu Musulmi. Wata nas ta koya mana yadda ake kwantar da mai maye a gefensa. Aka yarda wanda ya bugu ba a ƙara masa, a ba shi ruwa, kuma kafin a rufe sai an zagaya kowane gida gaba da baya da tocila, mai gida da ɗan banga da uwa ɗaya, domin mashayi zai zagi ɗan banga amma yana jin nauyin uwa. Maƙwabciyata Goggo Adama ba ta taɓa taka gidajen ba, gefen kaskona take zama da randar ruwa, tana cewa, "Ni ban yarda da abin da suke sha ba, amma wata ce ta haife shi."

To ran nan da damina aka kece da ruwa dab da rufewa, kowa ya rikice. Mai gidan ƙarshe ta ɗauka 'yan banga sun duba baya, su kuma suka ɗauka ni na duba, ni ma, gaskiya ɗaya ce, na ɗauka sun yi. Ina haɗa kayana sai ga wata tsohuwa 'yar siririya, ta lulluɓe kai, da awarwaron jan ƙarfe a hannu. Na zaci cikin mutanen Goggo Adama take. Ta ce mini a hankali, "'Yata, ba ku gama zagaye ba, akwai ɗaya a baya."

Na bi ta. Kai! Mutum ne babba kwance rigingine tsakanin bango da kwata, ruwa na dukan fuskarsa, maƙogwaronsa na wani irin gurnani. Na durƙusa na juya shi yadda nas ta nuna, na sa yatsa na share bakin, sai ga amai, sai ga numfashi. Na kwance zanina na sama na rufa masa. Tsohuwar kuwa ta zauna a laka ta ɗora kansa a cinya, tana shafa kunnensa tana cewa, "Maigero, Maigero, haba Maigero." Ba faɗa a muryarta ko kaɗan.

Na ƙwala wa Buba mai keke kira, shi ke da aikin kai mutane gida a daren. Ya haska fuskar ya ce, "Mama, wannan ai ban san shi ba, ina za mu kai shi?" Tsohuwar ta ce unguwar Kona. Muka shiga, tana riƙe da kansa ina riƙe da ƙafafu, tana faɗin bi nan, juya can, har ƙofar wani gida mai bishiyar mangwaro. Na sauka na buga, matarsa ta fito tana salati tana kiran "Bitrus!", muka shigar da shi. Da na dawo keke, ba tsohuwa.

Na ce, "Buba, ina Kaka ta yi?" Ya ce, "Wace Kaka kuma? Mama, ko ke ma kin ɗan kurɓa ne? Mu uku muka zo, ke ce kike ta nuna mini hanya." Wallahi ban taɓa sanin gidan nan ba. Da safe na tambayi Goggo Adama, ta ce ta gan ta sarai, ta ɗauka 'yar zumuntarmu ce.

Bayan mako Bitrus ya zo godiya da zanina a wanke, kafinta ne ashe, kansa a ƙasa don kunya. Na ce, "Ba komai, Maigero." Sai mutumin nan ya zauna daɓas a benci. Ya ce ko matarsa ba ta san sunan ba, uwarsa kaɗai ke kiransa haka don ranar yankan gero ta haife shi, kuma uwar tana can garin Iware, shekara uku ba ta gani, ba ta taka ƙasa sai an ɗaga ta. Ya ce bai faɗa wa uwar komai ba, ba zai iya ba.

Ran Lahadi bayan sujada na ce ya kai ni wurin uwar tasa. Muka same ta kwance a tabarma, 'yar siririya, da awarwaron nan a hannu. Ban ko gama sallama ba ta lalubo hannuna ta shinshina, ta yi murmushi ta ce, "Mai ƙosai. Sannu da dukan ruwa, 'yata. Ya mayar miki da zanin?"

Jikar da ke kwana da ita ta ce daren ruwan nan Kaka ba ta ko motsa ba, sai dai da safe sun ga bakin zaninta da laka, suka rasa daga ina. Bitrus ya kifa kai a ƙafafunta yana kuka kamar yaro, tana shafa kunnensa.

Ban ce muku ya daina sha rana ɗaya ba, ya sha fama, amma daga baya shi ya kafa mana fitila a bayan gidan nan. Ni dai har yau in na ji ruwa ya sauko da dare sai tsigar jikina ta tashi. Ku da kuke aiki tare, kada kowa ya ce ai wani ya duba. Ɗauki tocila ka leƙa baya da kanka, wanda ka samu ka juya shi a gefensa. Ba kowace uwa ke iya tasowa daga Iware ba.