Shanu Nawa Gare Ka?

Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar zaman kwana ukun nan bisa kujera ba, ni da na shekara talatin ina tsayuwar rana a kasuwar dabbobi ta Tawa. Abin da ya biyo bayan zaman kuwa, har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Ni dillali ne. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, na gudu. Ɗiyar ƙanena ita ta yi karatu mai zurfi, tana aiki da wasu da suka haɗa wani inji mai amsa wa makiyaya magana a salula. Ta ce mini injin kamar sabon ma'aikaci ne da aka danƙa wa kayan aiki uku: na duba farashin kasuwa, na labarin ruwan sama, da na aika wa likitan dabbobi saƙo. Kowanne an rubuta masa bayani: yaushe za a ɗauke shi, me za a tambayi mutum tukuna. Abin da bayanin ya ce, shi injin ke bi, ba ragi ba ƙari. Nawa aikin shi ne ta karanta mini, in ce ya yi ko da gyara.

Ranar farko na yi gyara sosai. Na ce rago da tunkiya ba farashinsu ɗaya ba, a raba su. A rana ta uku bayana ya ƙage, ga baƙo na jirana a kasuwa da raƙuma biyu. Sai ta karanto na likita: dole mai kira ya faɗi garinsu, da abin da ke damun dabbar, da yawan garkensa, in ɗaya ya rage, kada a aika saƙon.

Na ji shi sarai. Na kuma san ba makiyayin da zai buɗe baki ya ƙirga maka garkensa. Akwai tsoron bakin mutane, akwai tsoron jangali tun na kakanni. Ni kaina ban taɓa tambayar kowa ba, ido nake sawa in ƙiyasta.

"Baba, wanga fa? Ni na rubuta shi da kaina," in ji ta, shugabanta na zaune gefe.

"Ya yi."

"Ka tabbata? In da gyara ka faɗi, don haka muka kira ka."

"Na ce ya yi, ɗiyata. Ko so kike in mutu bisa kujerar ga?"

Suka yi dariya, ta wuce. Na daɗe ina gaya wa kaina kara na yi mata, don kar in kunyata ta gaban shugabanta. Akwai wannan. Amma raƙuman nan biyu sun fi yawa a cikin lamarin.

Bayan an soma damina, wani tsohon abokina, makiyayi daga wajen Takanamat, ya shigo kasuwa da igiya naɗe a hannu, ba dabba. Ni da hannuna na sa masa lambar injin a salularsa, har da cika baki.

"Ina jar saniyar da ka ce za ka kawo mini?"

Ya zauna bisa turke.

"Na kira abin nan naku sau uku," ya ce. "Na ce mishi shanuna ba su tuƙa, numfashi na yi musu wuya. Sai ya ce shanu nawa gare ni. Na ce na Allah ne. Ya sake tambaya. Na kashe. Kai ka ce likita ka ba ni, ashe mai jangali ne."

Saƙon bai taɓa isa ga likita ba. Kafin abokina ya samu mota ya zo wurin likitan da kansa, jar saniyar ta tafi, wasu sun bi ta. Nawa ne? Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Shayi na sayo masa, ya sha rabi ya tashi.

Injin bai yi laifi ba, abin da aka rubuta masa ya bi. Yarinyar ma ba ta yi ba, a gari ta tashi, ba ta taɓa bin garke ba. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan ya san gaskiya, don ita aka kira shi, ya ce "ya yi". Ranar na gane in aka ba ka abu ka duba, karar da ka yi wa na gabanka, wani da ba ya wurin ne zai ɗauki nauyinta.

Washegari ban je kasuwa ba. Na riga mai gadi isa buronsu, ofishin da muka yi zaman. Tana zuwa, ko jaka ba ta ajiye ba, na ce ta buɗe na likita.

"Goge yawan garke. Rubuta mishi kar ya kuskura ya tambaya. In mutum ya faɗi garinsu da ciwon, ya aika."

Ta gyara, ta dube ni. "Shi ke nan, Baba?"

Na jawo kujerar nan na zauna.

"A'a. Koma farko, karanto mini duka."