Ƙodar da Aka Ajiye wa Soja

Yau shekara tara da rasuwar mijina, Malam Ishaya, malamin firamare a nan Zuru. A takalminsa na fara ganin alamar ciwon. Wata safiyar Lahadi muna shirin coci ƙafarsa ta ƙi shiga, ya yi dariya ya ce tuwona ne ya sauka ƙasa. Kafin damina ta ƙare muna asibiti a Sakkwato ana yi masa wankin ƙoda. Likita ya ce wankin jinkiri ne kawai, mafita ita ce dashe.

Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, na ɗauka na san ƙarshen labarin: mace ta ba mijinta ƙodarta, su farka a gado biyu suna kallon juna. Na miƙa hannu aka ɗebi jinina, bai dace da nasa ba. A cikin dangi duka, na ƙanensa Bulus ne ya dace, kuma Bulus ya yarda.

Surukina tsohon soja ne, kamar ubansa. A gidansu kowane zamani sai an ba kaki ɗa guda, kuma Bulus aka ware. Da surukin nawa ya hana dashen, na durƙusa gabansa ina kuka.

"Baba, ɗanka ne fa yake mutuwa."

"Rahila, tashi," in ji shi. "Wa ya taɓa ɗaukar mai ƙoda ɗaya soja? A bari a gama ɗauka tukuna. Ishaya namiji ne, zai jure."

Ishaya da kansa ya hana ni sake magana. Ya ce ba zai tuɓe wa ƙanensa kaki tun bai sa ba. Ya jure wata biyar. Har yau ina jin haushin wannan kunya tasa fiye da taurin kan Baba.

Yanzu nakan ji ana bayanin dashen ƙoda a rediyo, ana cewa mai bayarwa yana ci gaba da noma da haihuwa lafiya lau. Da Ishaya yana nan, na san zai ce in yafe, ilimi ne bai iso da wuri ba. Amma likita ya faɗa mana hakan tun a lokacin, Baba yana zaune. An sani, aka zaɓa.

Abin da ya rage mini na Ishaya shi ne ɗalibansa da ke gaishe ni a kasuwa, da 'yarmu da ba ta tuna muryarsa.

Bulus kuwa ya je wajen ɗaukar soja sau uku. Duk ukun ba a kai ga duba cikinsa ba, tun a layi ake fitar da shi saboda gwamen ƙafa, abin da kowa a gidan ya sani tun yana rarrafe. Yau acaɓa yake yi a hanyar Ribah, da ƙodarsa biyu. In ya hango ni a tasha, sai ya juya babur.